Duka ko sa lokaci, wanne ke hana kwikwiyo ɓata tsakar gida?

Ɗan'uwa ka ce ka sayo kwikwiyo ɗan wata 2 saboda gadi, ga shi ya addabi tsakar gida da fitsari da kashi har uwargida ta fara ƙorafin najasa kusa da inda ake alwala, wani ya ce ka riƙa zane shi kana dangwara hancinsa a kashin, wani kuma ya ce ka sa masa lokaci kana ba shi tukuici. To ni dukkansu na gwada.

Dukan kare dai tsoronka yake koya masa, ba wurin kashi ba. Ka dawo daga kasuwa da magariba ka tarar ya yi tun azahar, ka ɗau bulala, wallahi bai san laifin me ake dukansa ba don kare ba ya haɗa hukunci da abin da ya riga ya wuce. Karena na farko haka na yi masa kuma har yau abin na damuna, sai ya koma laɓewa bayan randa da ƙarƙashin mota yana yi a ɓoye, in na miƙa masa hannu ya maƙale wutsiya ya saki fitsari don tsoro. Matsoracin kare kuwa shi ne wanda wata rana zai kai wa yaro cizo in an matsa masa.

Sa lokaci kuma ya fi wahala a farko, ba zan ɓoye maka ba, har tashin dare sai ka yi. Ɗan wata 2 bai fi awa 2 yake iya riƙe fitsari ba, lissafin shi ne kusan awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa, kenan ba taurin kai ba ne, mafitsarar ce ƙarama. Ka ware lungu ɗaya nesa da rijiya da wurin wasan yara, ka zuba yashi, ka riƙa kai shi da zarar ya farka, da bayan cin abinci kamar da minti 15, da bayan wasa, da kafin kwanciya. In ka ga yana shinshina ƙasa yana zagaye to ɗauke shi da gudu. Yana gamawa a wurin ka ba shi ɗan tsokar nama nan take, ba sai kun dawo ƙofar ɗaki ba. Abinci sau 3 a rana kan lokaci, kar a bar masa kwano a ajiye, don in ka san lokacin ci ka san lokacin kashi.

Keji na taimakawa sosai saboda kare ba ya son ɓata makwancinsa, amma daidai shi, inda zai miƙe ya juya ya kwanta, a inuwa da ruwan sha, kuma ba wuni guda a kulle ba. Karena na biyu da na bi da shi haka, a sati na uku da kansa yake tafiya lungun, sai dai kuskure jefi-jefi, yawanci sai sun kai wata 4 zuwa 6 suke daidaita.

Inda ya ɓata a wanke da omo a bi da ruwan khal (wato vinegar), in warin na nan hancinsa zai mai da shi wurin. Tauna silifas ma za ka gani, canjin haƙora ne, ba shi igiya mai kauri ka ɗauke takalma.

Amma in kashin gudawa ne, musamman da jini ko amai, wannan ba maganar horo ba ce, maza sai asibitin dabbobi don cutar farbo (parvo), mai sa karnuka gudawar jini da amai, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ka sa a ba shi maganin tsutsar ciki, in ya cika wata 3 kuma a yi masa allurar haukan kare tunda akwai yara a gidan.