Alfa Romeo 166 ta hannu: mota ce mai daɗi, amma ka leƙa nan kafin ka biya

Jama'a maganar gaskiya Alfa Romeo 166 mota ce ta manya, ƴan Italiya sun yi ta ne daga 1998 zuwa 2007 don ta goga da su BMW 5 Series da Benz E-Class, kuma in ka zauna a kujerar fatar nan ka ji kukan injin V6 ɗin da Giuseppe Busso ya zana, wallahi sai ka manta da wata Camry. Kuɗinta a hannu ma ba ya da yawa saboda mutane tsoronta suke. To amma arha ba ta ado, dole ka duba ta da idon basira.

Farko dai taimin bel, wato bel ɗin da ke sa bawul da fistin su yi aiki a kan lokaci ɗaya. Kar ka yarda da "ai kwanan nan aka canza", ka ce a nuna maka rasit. Mai injin 2.0 Twin Spark ɗin nan, mai fulogi takwas a silinda huɗu, bel ɗinta ba ya son ya wuce kilomita 60,000 ko shekara 3, kuma ran da ya tsinke bawul da fistin ne za su haɗu, shi kenan injin ya tashi aiki. In babu takarda kawai ka cire kuɗin bel da tenshina (mai ɗaure bel ɗin) da wata fom (famfon ruwan injin) daga farashin, a canza su tun kafin ka fara yawo da ita. Sannan ka je da sassafe, ka fara taɓa bonet ka ji ko dillali ya riga ya ɗumama ta, don in aka tayar da ita da sanyi ka ji tana kaf-kaf-kaf kamar mai shan dizal to barieta ce, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, ta gaji. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ma, Twin Spark akwai shan mai, wanda bai saba dubawa ba sai dai ya ji ta buga.

Inda na fi so ka daɗe shi ne ƙasan dashbod. Ka durƙusa ka cusa hannu ƙarƙashin kafet ta gaba, ka shafa, ka shinshina. In ka ji danshi ko wani wari mai zaƙi-zaƙi, ɗan lagireton hita ne ke yoyo, kuma abin haushin a mai otomatik ruwan kan birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa giya, yake ɗiga. Mu da ba ruwanmu da hita a zafin nan sai ka ga abin da ba ka taɓa kunnawa ba ya kashe maka giya. Shi ya sa ni dai mai giyar hannu na fi so, 3.0 ko 3.2 in an samu.

Allon tsakiya da suke kira ICS shi ke riƙe da esi da rediyo, ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, gilasai, madubi, kujeru. Ka murɗa makulli ka ga duk fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu, wadda ba ta kama ba gaba ɗaya wani mai wayarin ne ya rufe mata baki. Makulli kuma a ba ka biyu.

Ƙafa fa? Motar a ƙasa take sosai, titunanmu kuma kun san su. A hau da ita rami ka duba tukunyar baƙin mai ko ta sha duka an liƙe, ka duba tsatsa a ƙasan ƙofofi tunda yawanci daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara suke fitowa, ka shafa tayoyin gaba ta ciki, in sun cinye ta gefe ɗaya bushin, wato robobin ƙafar motar, sun mutu, kuma suna da yawa gaba da baya.

Ni a wajena motar ta yi, amma a matsayin ta biyu, ta fita Juma'a da zuwa ɗaurin aure. Kayan gyaranta ba irin na Toyota ba ne da za ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka fito da su a leda, sau da yawa sai an yi oda daga Turai ka jira makonni, don haka ka fara samun bakaniken da ya taɓa buɗe Alfa, ka tafi da shi da na'urar sikanin ranar dubawa, kuɗin ƙafarsa a kanka.