Ƙofar mai walda da ƙofar tare gobara: wacce za a sa a ina?

Salamu alaikum. Alhaji, Allah ya sa a kammala ginin lafiya. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: Alhaji yana gina bene a Sabon Gari, nan Damagaram. A ƙasa akwai shaguna, da ma'ajiyar kaya, da ɗakin janareta, iyali kuma za su zauna a sama. Injiniyan da ya zana ginin ya rubuta a sa ƙofar tare gobara mai alamar EI 60, wato mai jure wuta minti 60, a wasu wurare. Mai walda shi kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, tunda ƙarfe ba ya cin wuta, ƙofar da zai haɗa ta wadatar. Alhaji yana son sanin wanda ya fi gaskiya, domin ratar kuɗin babba ce.

Amsata ita ce ginin nan yana bukatar ƙofofin biyu, amma ba a wuri ɗaya ba. Ɗaya aikinta hana ɓarawo shiga. Ɗayar aikinta tsare wuta da hayaƙi a ɗakin da suka tashi har mutane su fita. Babu wadda take yi wa ƴar uwarta aiki.

Mu fara da maganar mai walda, don akwai gaskiya a cikinta. Ƙarfe ba ya kamawa da wuta, haka ne. To amma kaskon tuya ma ƙarfe ne, kuma shi ke soya ƙosai. Ƙofar da ake haɗawa a garejin walda faranti ɗaya ne na ƙarfe, ko biyu da iska a tsakani, an ɗora a kan bututu. Idan wuta ta kama a ma'ajiya, cikin mintoci kaɗan zafin zai ratsa farantin ya fito ta ɗaya ɓangaren. Katifa ko kwali ko labulen da ke jingine da ƙofar zai iya kamawa alhali harshen wuta bai ƙetara ba. Mariƙin ma ba zai taɓu da hannu ba.

Sai kuma lanƙwasa. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi: kowace mita tana ƙara kusan milimita 1 da ɗoriya a duk digiri 100. Ƙofa mai tsawon mita 2 da ta kai digiri 600 ta ƙara fiye da santimita 1 ke nan. Da yake fuskar da ke kallon wuta ce ke fara zafi, ƙofar sai ta bankare. Daga nan abu biyu ne: ko ta buɗe baki a sama da ƙasa wuta ta bi, ko ta cije a cikin firam ta ƙi buɗuwa ko da makulli yana hannunka. Na biyun ya fi tayar mini da hankali.

Ita ƙofar tare gobara, idan ta ƙarfe ce, faranti biyu ne da aka cika tsakaninsu da abin da ba ya ƙonewa kuma ba ya saurin ba zafi hanya, galibi audugar dutse. Akwai kuma ta katako mai kauri, a Ingila wadda ke jure minti 30 takan kai milimita 44, ta minti 60 kuma milimita 54. Wasu na mamakin yadda katako zai tare wuta. Katako mai nauyi yana zama gawayi ne a hankali, ƙasa da milimita 1 a minti, kuma gawayin da ya taru a sama yana kare na ciki. Sai dai a garinmu, da gara da bushewar hunturu, ni ta ƙarfen zan zaɓa maka a ma'ajiya da ɗakin janareta.

Babban abin da ya raba su shi ne gwaji. Alamar EI 30 ko EI 60 ta ƙa'idar Turai ce. Ana ɗaukar ƙofar tare da firam ɗinta da hinjinta da makullinta, a kafa su a bakin tanderun gwaji, a kunna wuta. A minti 30 zafin cikin tanderun ya kai wajen digiri 840, a minti 60 kuma wajen 945. Harafin E yana nufin harshen wuta da iska mai zafi ba su ɓullo ta ɗaya gefen ba. Harafin I yana nufin bayan ƙofar bai ƙara zafi fiye da digiri 140 ba idan aka ɗauki matsakaici. Lambar kuwa mintocin da ta jure ne. A tsofaffin takardun Faransa za ka ga CF da rabin awa ko awa ɗaya, wannan shi ne kwatankwacin EI. Idan ka ga PF, ko E kaɗai, ƙofar tana tare harshen wuta amma ba a yi alkawarin za ta tare zafi ba. Ƙofar mai walda, komai ƙwarewarsa, ba ta shiga wannan tanderu ba. Shi kansa bai san minti nawa za ta yi ba.

Yanzu hayaƙi, wanda a gobarar cikin gida ya fi wutar kanta kashe mutane. Ka dubi kowace ƙofar walda da dare idan an kunna fitila a ciki, za ka ga haske yana fita ta gefe da ƙasa, wani wurin yatsa ma yana shiga. Duk inda haske ya bi, hayaƙi zai bi. A ginin da matakala ke kusa da ma'ajiya, hayaƙin katifa da roba da leda sama zai nufa kai tsaye, wurin masu barci. Ƙofar tare gobara ratar da ke tsakaninta da firam wajen milimita 3 ce kawai. A gefenta kuma akwai wani siririn ziri da aka binne, wanda idan ya ji zafi kusan digiri 200 yake kumbura ya toshe ratar. Wannan zirin ba ya motsi sai ya ji zafi, shi ya sa ake ƙara wani na roba ko na gashi don hayaƙin farko mai sanyi. Idan ka ga harafin S a alamar, an gwada ta a kan hayaƙi. A ƙofar matakala kada ka yarda da wadda ba ta da shi.

Akwai sharaɗi ɗaya da idan babu shi duk kuɗin nan asara ne: ƙofar ta kasance a rufe lokacin da wuta ta tashi. Shi ya sa ake maƙala mata hannun ƙarfen nan a sama, mai jawo ta ta rufe da kanta har harshen makulli ya faɗa. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ya ja ƙofa. A watan Janairun 2022, a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, wuta ta tashi daga na'urar ɗumama ɗaki a wani gida cikin dogon bene. Wutar ba ta yi nisa ba. Ƙofar gidan ce ba ta rufe kanta ba, da wata ta matakala a can sama, hayaƙi ya cika ginin, mutum 17 suka rasu, akasarinsu ƴan asalin Gambiya. A gobarar benen Grenfell ta Landan kuma, a watan Yunin 2017, inda mutum 72 suka mutu, abin da aka lulluɓe bangon waje da shi ne ya yaɗa wutar, amma bincike ya nuna ƙofofi da yawa hannun rufewarsu ya lalace ko babu shi. Wata ƙofa daga ginin da ya kamata ta jure minti 30, da aka gwada ta, kusan 15 ta yi.

Wannan magana ta shafe mu sosai saboda zafi. A watan Afrilu da Mayu, da rana ta haura digiri 40, yaron shago zai ɗauko dutse ya tokare ƙofa don iska ta shiga, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Sai a yi wa abin dabara tun daga zane. Ɗakin janareta a ba shi tagar shan iska ta bangon waje, ma'ajiya ma haka, don kada kowa ya bukaci barin ƙofar ciki a buɗe. Akwai maganaɗisun lantarki da ke riƙe ƙofa a buɗe, ya sake ta idan na'urar jin hayaƙi ta yi ƙara. Yana sakinta kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta, don haka a nan za a riƙa komawa ana buɗe ta. Wannan ba lalacewa ba ne, haka aka tsara shi.

Inda ƙofar walda ta fi ba ni tsoro shi ne kwaɗo. Mun saba: sakata sama, sakata ƙasa, kwaɗo biyu, tagogi duk an yi musu ƙarafa. Maigida ya tafi kasuwa ko ya yi tafiya, wani lokaci an kulle ta waje. Gidan da ɓarawo ba zai iya shiga ba, idan ba a yi hattara ba, iyali ma ba za su iya fita ba. A 1911, a wata masana'antar ɗinki a New York, ma'aikata 146 suka hallaka a gobara, da yawansu ƴan mata, kuma kulle ƙofar fita na cikin abin da ya jawo hakan. A ƙa'idar Faransa ta gine-ginen da jama'a ke shiga, wadda aka kafa a 1980, wurin da ke ɗaukar fiye da mutum 50 dole ƙofarsa ta buɗe ta waje, ta inda ake gudu. Ko gidanka bai kai wannan adadi ba, ka ɗauki hikimar. Ƙofar da iyali za su bi ta buɗu daga ciki da hannu ɗaya, a cikin duhu, ba tare da neman makulli ba. Yarinya ƴar shekara 8 ta iya buɗe ta.

To a ina ƙofar mai walda ta fi? A bakin titi. Ƙofar shago da ƙofar gida ta waje, inda barazanar ɓarawo ce, ita ce gwana. Tana da arha, tana jure rana da ƙura, idan ta lalace ana gyara ta a unguwa a yini ɗaya. Ƙofar tare gobara sai an yi odarta, kuma ba a yanka ta, ba a huda ta, ba a yi mata walda. Ranar da aka fasa mata rami don a ƙara kwaɗo, ba ita ce ƙofar da aka gwada ba kuma.

A nan bari in ja kunne kan ƙofofin nan masu ƙyalli da ake shigowa da su, waɗanda ake ce wa na Turkiyya ko na Sin. Suna da kauri da makullai masu harsuna da yawa, sai mutum ya ɗauka ai wuta ma za su tare. Yawancinsu na tsaro ne kawai, wasu ma kwali ne a cikinsu. Ƙofar tare gobara ta gaskiya tana da ɗan faranti ko tambari a gefenta, wajen hinji, mai ɗauke da sunan masana'anta da ajinta. Ka nemi takardar gwajin, ka ba injiniya ya duba ko lambar samfurin da ke takardar ita ce a jikin ƙofar. Mai sayarwar da ya ce maka "ai duk ɗaya ne", ka yi masa sallama cikin mutunci.

Kafawa kuma rabin aikin ne. Ƙofar da firam ɗinta tare suke zuwa, kada a ce mai walda ya haɗa mata wani firam don rage kuɗi. Ratar da ke tsakanin firam da bango a cike ta da siminti ko audugar dutse. Kumfar gwangwanin nan ta gama-gari tana ci da wuta, kada a sa ta. Mai fenti kada ya shafe zirin gefe ko ya ɓamɓare shi. Sannan ka ɗaga kai ka dubi sama. A gine-ginenmu da yawa bango yana tsayawa ne daidai silin, daga nan zuwa rufi fili ne da ya haɗa ɗakuna duka. Idan haka bangon ma'ajiyarka yake, wuta za ta haura ta saman ƙofar EI 60 ta wuce abinta. Bangon ya kai har dakalin bene, kuma duk ramin da mai lantarki ya fasa don waya a toshe shi.

Ba kowace ƙofa ce ke bukatar wannan kuɗi ba, Alhaji. A zanen da ka bayyana, ni wurare uku na gani. Ƙofar da ta raba ma'ajiya da hanyar matakala, ita ce ta farko, kuma ko kuɗi ya ƙare ita kada a bari. Ta biyu ɗakin janareta, musamman idan ana ajiye jarkokin mai a ciki, balle a ce ɗan haya a shago yana sayar da ruwa-ruwa, wato fetur ɗin bakin titi. Ta uku ƙofar shiga gidan sama daga matakala, a nan EI 30 mai tare hayaƙi takan wadatar idan injiniya ya amince. Tukunyar gaz kuma, wadda tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 ta yawaita a gidajenmu, wurinta inda iska ke kaɗawa, ba ƙarƙashin matakala ba. Idan har ginin bai yi nisa ba, abin da ya fi duk wannan shi ne a ba matakalar iyali ƙofarta daban daga titi, ba tare da ta haɗa hanya da shaguna ba.

Dalilin da ya sa nake goyon bayan minti 60 da injiniya ya rubuta a ƙasa shi ne halin garinmu. Kowa ya san matsalar ruwa a Damagaram, ya kuma san cunkoson da ke kewayen kasuwar Dole da ƙuncin lungunan Birni. Ko an kira lamba 18 nan take, motar ƴan kwana-kwana sai ta samu hanya, idan ruwanta ya ƙare kuma sai ta je ta ɗebo. Tsawon wannan lokaci ƙofar ce ke tsaye tsakanin wutar da ƴaƴanka.

Kafin ka biya kuɗi, ka ɗauki zanen ka kai wa ƴan kwana-kwana su duba hanyar fita, ka kuma tambayi sashen da ke ba da izinin gini a ma'aikatar magajin gari abin da suke bukata ga ginin da ya haɗa shago da mazauni. Bayan an kafa, ka sa a al'ada kana gwada ta lokaci-lokaci, musamman bayan ƙurar hunturu: ka buɗe ta kamar tafin hannu, ka sake ta. Idan ta rufe har makulli ya faɗa da kansa, lafiya. Idan ta tsaya a hanya, ko ka ga mai yana tsiyaya daga hannun sama, a kira mai gyara a ranar.