Wata biyar ina aiki da Muse 2 a aji

Ni malamin kimiyyar halittu ne. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa da lantarki ƙwaƙwalwa take aiki, su rubuta, su haddace, amma babu wanda ya taɓa gani da idonsa, har ni kaina. Dalilin da ya sa na sayi Muse 2 ke nan, na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa da kamfanin InteraXon na Kanada ya fitar a 2018.

Siririn maɗauri ne da ake ɗorawa a goshi, ƙarshensa ya maƙale a bayan kunnuwa kamar tabarau. Ba a shafa mai a fatar kai kamar yadda ake yi a asibiti, kuma ta Bluetooth yake haɗuwa da waya. Wurare huɗu yake ɗaukar sigina, biyu a goshi, biyu a bayan kunne, sau 256 a kowace daƙiƙa. Manhajarsa ta asali don koyon natsuwa aka yi ta: in tunani ya yi yawa ka ji iska da ruwan sama, in ka natsu ka ji kukan tsuntsaye. Tana da daɗi, amma ba ita ta kawo ni ba. Sai da na saukar da Mind Monitor, wadda ke nuna siginar yadda take, sannan na ga abin da nake nema.

Ranar da na fara kai shi aji, na sa wa wata ɗaliba, na ce ta zauna shiru ta rufe ido. Cikin ɗan lokaci layin alfa, wato igiyar da ke kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, ya fara hawa. Na ce ta buɗe, ya sauka. Muka maimaita sau uku. Aji ya yi tsit, ita kuwa ta ce, "Malam, da gaske daga kaina wannan yake fitowa?" Wannan igiyar ce Hans Berger ya bayyana, likitan Jamus da ya fara naɗar lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a garin Jena a 1924. Abin da ya sha wahala kafin a yarda da shi, ga shi yara suna kallo a fuskar waya. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Sai dai aikin yana son haƙuri, kuma haka lamarin yake ga kowace irin wannan na'ura. Siginar ƙwaƙwalwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, wato ma'aunin ƙarfin lantarki, ake auna ta. Ƙiftawar ido ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, cije haƙora kuwa kan rufe komai. Na koyi ɗan jiƙa goshi da ruwa, da kawar da gashi daga bayan kunne, kafin layukan su kwanta.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne bayan labari ya bazu. Mahaifin wani ɗalibi ya same ni ya ce, "Malam, don Allah ka duba min ƙaramin ɗana da ita, yana yawan faɗuwa, muna tsoron farfaɗiya ce." Na ji tausayinsa sosai, amma na ƙi. A asibiti ana jera na'urorin ɗaukar sigina kusan 20 a duk faɗin kai, a sa mara lafiya numfashi mai zurfi, a haska masa fitila mai walƙiya, sannan likitan ƙwaƙwalwa ya karanta. Tawa ba ta taɓa tsakar kai ko ƙeya. Ko gwajin asibitin ma yakan fito lafiya lau a tsakanin faɗuwa da faɗuwa. Da na nuna masa layi mai kyau ya koma gida hankali kwance, da na cuci yaron. Kamfanin ma bai sayar da ita a matsayin na'urar gano cuta ba. Na roƙe shi ya kai yaron wurin likita, kuma ya kai shi.

Ga malami, ko ɗalibin jami'a mai ƙaramin bincike, ina ba da shawarar ta. Ni yanzu OpenBCI Cyton nake hari, wata na'urar mai ɗaukar sigina a wurare 8, don in iya sa ɗaya a ƙeya, inda alfa ta fi ƙarfi.