Tsararren hoto da kamammen hoto: wanne ya fi fito da abin da ke cikin zuciya?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce duk lokacin da ka ɗaga kyamara sai fuskar mutum ta sandare ko da kuwa daƙiƙa kaɗan kafin nan yana cikin fara'a, kuma kana son sanin wanne ya fi, ka riƙa tsara mutum kana gaya masa yadda zai yi da fuskarsa, ko kuwa ka ƙyale shi ka jira har ka kama shi bai shirya ba. Na daɗe ina aiki da hanyoyin biyu, kuma kowace tana da inda take cin riba da inda take yin asara, don haka zan ajiye maka su kafaɗa da kafaɗa, sannan in faɗa maka wadda na fi dogara da ita.

Kafin nan, ya kamata a san dalilin da ya sa fuska ke sandarewa. A shekarar 1862 wani likita Bafaranshe mai suna Duchenne de Boulogne ya wallafa bincikensa a kan tsokokin fuska, inda ya riƙa taɓa su da lantarki ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoton abin da kowace ke haifarwa. Ya lura cewa tsokar da ke jan gefen baki sama tana bin umarnin mai ita a kowane lokaci, amma tsokar da ta kewaye ido, wadda ke ɗaga kumatu ta ɗan tsuke idanu har 'yan layuka su fito a wutsiyarsu, ba kasafai take motsawa ba sai farin ciki ya zo da gaske. Charles Darwin ya yi amfani da wasu daga cikin hotunan nan a littafinsa na 1872 a kan yadda mutum da dabba ke bayyana abin da suke ji. Mu kuwa muna da kalma ɗaya da ta tattara wannan bayani, wato yaƙe. Idan ka ce wa mutum "yi murmushi", baki ne zai amsa maka, idanu kuma su tsaya inda suke, kuma duk wanda ya kalli hoton zai gane yaƙe ne ko da bai iya faɗin abin da ya nuna masa ba.

Tsararren hoto yana ba ka iko a kan haske, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin haske ne ke sa a iya karanta fuska. Idan ka zaunar da mutum kusa da taga ta yadda haske zai zo masa daga gefe, ɗan sama da tsayin idonsa, sai goshi da kumatu da haɓa su sami inuwar da ke fito da siffarsu, sannan ɗan ƙyalli ya bayyana a ƙwayar ido, wanda idan babu shi ido kan fito kamar ba rai a cikinsa. Kana kuma da damar zaɓen nisa. Madubin kyamara mai tsawon milimita 85, kana tsaye kimanin mita 2 zuwa 3, yana barin hanci da kunnuwa a kan girmansu na ainihi, alhali idan ka matso da waya dab da fuska hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya, yanayin fuskar duka ya canza. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, da hasken rana ya fi yin aiki, yana tsara zaman mutum da inda zai ɗora hannu da kusurwar da zai juya, kuma kwarjinin da ke cikin hotunansa ya isa shaida cewa tsarawa ba ta kashe mutum a hoto. Matsalar tana farawa ne idan tsarawar ta wuce jiki ta kai ga fuska. Murmushin da aka riƙe yakan fara bushewa cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma duk lokacin da ka ce "tsaya haka, kada ka motsa", mutum zai riƙe numfashi, kafaɗunsa su ɗaga, wuyansa ya ƙage.

Kamammen hoto kuma yana ba ka abin da ba a iya yin odarsa: kallon da uwa ke yi wa ɗanta yana magana, ko tagumin wanda tunani ya ɗauke. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar da ba ta san ana kallonta ba ta fi saurin ba da amsa. Sai dai abin da ka samu a fuska kakan biya shi a wani wuri. Haske zai zo maka yadda ya ga dama, bayan mutum zai cika da tarkace, kuma motsi zai yi maka ɓarna idan ba ka shirya masa ba. Na taɓa rasa hoton wata dattijuwa da ta fashe da dariya har ta kama bakinta da gefen mayafi, saboda na bar saurin ƙiftawar kyamara a kan 1/60 na daƙiƙa, kuma na buɗe idon madubin sosai har f/1.8, buɗewar da ɗan yanki kaɗan na fuska kawai ke fitowa tar a cikinta, da na duba sai na tarar kunnenta ne ya fito tar, idanun kuwa sun yi dishi-dishi, kuma dariyar ba ta sake dawowa a wannan siffa ba. Tun daga lokacin, idan zan bi mutum yana magana ko dariya, ba na sauka ƙasa da 1/250, ina rage buɗewar zuwa f/2.8 ko f/4 domin idanu biyu su shiga cikin saiti, ina kuma kunna ɗauka a jere tare da saitin da ke bin ido idan kyamarar tana da shi.

Akwai kuma wani abu game da kamammen hoto da mutane ba su cika faɗa ba, wato shi ma yana iya yin ƙarya. Fuska ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuma idan ka yanko ɗan ƙanƙanin lokaci daga cikin magana ko atishawa ko ƙiftawar ido, za ka iya fito da mutum mai haƙuri a siffar mafaɗaci, ko mai natsuwa a siffar wanda ke jin barci. Kasancewar mutum bai shirya ba bai isa ya zama hujjar cewa abin da ka kama shi ne halinsa ba. Wannan ya ɗora maka nauyi wajen zaɓe, sannan akwai nauyin izini, domin ɗaukar mutum yana kuka ko yana cikin damuwa ba tare da yardarsa ba abu ne da ban yarda da shi ba, komai kyan da hoton zai yi.

Idan ka duba hotunan fuska da suka yi suna a duniya, za ka ga da yawa a tsakiyar hanyoyin nan biyu suke. A ranar 30 ga Disamba 1941, bayan Winston Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi jawabi a majalisar dokokin Kanada da ke Ottawa, an shigar da shi ɗakin da mai ɗaukar hoto Yousuf Karsh ya riga ya kafa fitilunsa da kyamararsa. Churchill ya ƙi ajiye ƙatuwar tabar da ke bakinsa, sai Karsh ya matso ya zare ta, ya koma ya danna maɓalli a daidai lokacin da mutumin ya murtuke fuska. Hasken da tsayuwar duk tsararru ne, amma ɓacin ran na gaske ne, kuma wannan hoton ne Bankin Ingila ya sa a takardar fam 5 da ya fitar a 2016. Haka Dorothea Lange a 1936, a wani sansanin ma'aikatan gona a Nipomo ta jihar Kaliforniya, ta ɗauki wata uwa hotuna kaɗan tana ƙara matsowa, har ta kai ga wanda matar ta kai hannu haɓa tana duban nesa, yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta. Matar ta san ana ɗaukarta, amma damuwar da ke goshinta ba Lange ce ta ce ta yi ba. Philippe Halsman kuwa sa manyan mutane ya riƙa yi su yi tsalle, har da Richard Nixon, ya tattara hotunan a littafi a 1959, bisa fahimtarsa cewa wanda hankalinsa ya koma kan tsalle ba ya samun sararin gyara fuska.

Abin da na fi dogara da shi ke nan: in tsara wuri da haske da zaman jiki, in bar fuska, sannan in ba ta dalilin motsawa. Wani dattijo ya taɓa zama a gabana ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, ya ɗaure fuska kamar wanda za a yi wa hoton fasfo. Ban ce masa ya saki fuska ba. Na gama saita komai, na sauke kyamarar zuwa ƙirjina ta yadda zai ga idanuna, na tambaye shi wa ya koya masa sana'arsa. Ya yi shiru, ya dubi ƙasa, yatsunsa suka saki gwiwar, sannan ya ɗago yana ambaton mahaifinsa, kumatunsa suka ɗaga tun kafin leɓunansa su buɗe. A wannan ɗagowar na ɗauka. Tambayar da ke aiki ita ce wadda ke tura mutum ya tuno wani abu takamaimai, kamar ranar da ya fara aiki ko abin da ɗansa ya faɗa da ya ba shi mamaki, domin tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce ba ta motsa komai. Ka kuma kula da abin da ke biyo bayan dariya, domin sau da yawa daƙiƙar da dariya ke sauka, ido na nan da annuri baki kuma ya koma daidai, ta fi tsakiyar dariyar kyau. Wasu masu ɗaukar hoto kan ƙirƙiro labarin baƙin ciki don su sami fuskar alhini, ni kuwa ina ganin wannan cin amanar wanda ya yarda ya zauna a gabanka ne.

Akwai inda hanya ɗaya ta fi ɗaya a fili. Ƙananan yara ba sa tsaruwa, saboda haka ka durƙusa zuwa tsayin idonsu ka bar su da abin wasansu. Hoton aiki ko na shugaban ma'aikata yana bukatar tsari sosai, domin natsuwa ake nema a cikinsa. Mai kunya kuma kada ka tilasta masa kallon kyamara. Ka ba shi wani abu a gefenka ya kalla, ko ka bar shi ya sunkuyar da kai ya ɗago a hankali idan ka kira sunansa.

Sauran aikin yana wajen zaɓe da gyara. Idan ka dawo da hotuna 30 na zama ɗaya, ka faɗaɗa kowanne ka fara duba idon da ya fi kusa da kyamara, sannan gira, sannan baki, ka ware waɗanda sassan uku suke faɗin abu ɗaya. Wajen gyara kuma ka yi hattara da manhajojin da ke goge fata, domin layukan wutsiyar ido da na gefen hanci su ne farkon abin da suke sharewa, alhali su ne suka bambanta murmushi da yaƙe. Ka cire ƙurji idan mai hoton ya nema, ka bar layukan nan, sannan ka nuna masa biyu ko uku da ka zaɓa kafin ka miƙa wa kowa.