Super Bowl a buɗaɗɗen fili cikin dusar ƙanƙara, ko a ƙarƙashin rufi?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya hana Amurkawa kai wasan ƙarshe na ƙwallonsu, wato Super Bowl, garuruwan arewa masu sanyi, alhali can ne tsofaffin ƙungiyoyi suke da magoya baya 'yan gani-kashe-ni, kuma ko hakan adalci ne. Don wanda bai saba ba, ba tamaula irin ta Firimiya ake nufi ba. Wannan ce ta hular kwano da ƙwallo mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita. Wasan ƙarshenta a watan Fabrairu yake faɗowa, lokacin da arewacin Amurka ke cikin muku-mukun da sanyin hunturunmu ko yaronsa bai kai ba.

Hukumar gasar, NFL, ta daɗe da ƙa'ida a kan haka: garin da zai karɓi wasan, ko dai matsakaicin yanayinsa a lokacin ya kai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, ko filinsa ya zama mai rufi. Shi ya sa Miami da New Orleans kowanne ya karɓa fiye da sau goma. Arewa ma ta samu, amma a rufe: Pontiac kusa da Detroit a 1982, Minneapolis a 1992 da 2018. A na 2018 sanyin waje ya yi ƙasa da sifili sosai, 'yan kallo kuwa na ciki sun tuɓe rigunan sanyi.

Bari mu jera hujjojin ɓangarorin biyu gefe da gefe.

Ta fuskar wasan kansa, masu son buɗaɗɗen fili suna da hujja mai ƙarfi, kuma hujjar tana da suna: Ice Bowl. Ranar 31 ga Disamba 1967, Green Bay Packers suka karɓi Dallas Cowboys a filin Lambeau, ma'auni na nuna digiri 25 ƙasa da sifili. Na'urar ɗumama ƙasa da aka binne a ƙarƙashin ciyawa ta gaza, fili ya daskare ya koma kamar daɓen siminti. Alƙalin wasa ya sa usur a baki don a fara, ƙarfen ya manne masa a leɓe, da ya cire sai da fata ta biyo, jinin ma bai zuba ba, a nan ya daskare. Daga nan da murya suka yi alƙalanci har aka tashi. Saura daƙiƙu kaɗan Bart Starr na Green Bay ya kutsa da ƙwallo ya ci, aka tashi 21 da 17. Shekara fiye da hamsin ke nan, har yau ba a gama ba da labarinsa ba. Wasa nawa aka yi a ƙarƙashin rufi da ake tunawa haka? Masu wannan ra'ayi cewa suke yi ƙwallon nan a waje aka haife ta, iska da laka da sanyi duk 'yan wasa ne.

Masu son rufi kuma suna cewa wasan da aka yi shekara ana jira bai kamata santsi ya yanke hukuncinsa ba. Ƙwallo kan yi tauri a sanyi, yatsu su sandare, jifa mai nisa ta gagara, sai ƙungiyar da ƙarfinta a jifa yake ta shigo fili da rabin makaminta. Ku 'yan Chelsea kun san zafin wannan magana. Mosko, Mayun 2008, ruwa na tsuga, John Terry ya zo buga fenaritin da zai ba su kofi, ƙafa ta zame. Ɗan United zai ce ai ruwan kowa ya daka, ɗan Chelsea kuwa har gobe da ciyawar yake faɗa. To, gardamar Amurkawa ke nan, sai dai tasu da ƙanƙara.

A wannan gaɓar ni ina tare da 'yan waje. Sanyi ba ya zaɓen riga.

Inda na fara ja da baya shi ne wajen 'yan kallo. Ɗan wasa yana da benci mai ɗumi da na'urar hura zafi a gefen fili, kuma gudu yake yi. Mai kallo a zaune yake awa uku zuwa huɗu a kan kujerar roba. A Janairun 2024 Kansas City ta karɓi Miami cikin digiri 20 ƙasa da sifili, har hular kwanon Patrick Mahomes, ɗan wasan Kansas City, ta tsage da aka yi karo, ɓallinta ya yi tsalle. Wannan hoton kowa ya yaɗa yana dariya. Abin da bai yaɗu haka ba shi ne, daga baya an yanke wa wasu da suka je kallo yatsu saboda sanyi ya kashe musu su. A wancan ƙarshen makon dai, wasan Buffalo da Pittsburgh sai da aka ɗaga shi daga Lahadi zuwa Litinin saboda dusar ƙanƙara, ƙungiyar Buffalo ta yi shelar neman masu shebur a kan dala 20 kowace awa su zo su kwashe ta daga kujeru.

Ɗaga wasan nan shi ne ainihin abin da NFL ke tsoro, ba lafiyar yatsun kowa ba. Wasan share fage ana iya matsar da shi kwana ɗaya. Super Bowl kuwa biki ne na mako guda: otal-otal an kama, jirage an yanka tikiti, kamfanoni sun biya miliyoyin daloli don tallan daƙiƙa 30, mawaƙin hutun rabin lokaci ya kafa dandalinsa. Ka taɓa ganin an ɗaga ɗaurin aure bayan an sauke tukwane? Ka ninka wannan sau dubu.

Sau ɗaya tak aka jingine ƙa'idar aka gwada. A 2010 masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a suka ba filin MetLife da ke New Jersey, daf da New York, wasan 2 ga Fabrairu 2014. An shafe watanni ana hasashen bala'i. Ranar ta zo, ma'auni ya nuna digiri 9, Seattle ta lallasa Denver 43 da 8, sanyi bai ce uffan ba. Wahalar da aka sha ranar ta cunkoson jirgin ƙasa ce, mutane jibge a tasha cikin rigunan sanyi suna zufa. Washegari da safe sai ga dusar ƙanƙara ta sauko, aka soke jirage, baƙi suka maƙale. Kowane ɓangare ya tafi da abin faɗa: waɗannan su ce kun gani, an yi lafiya, waɗancan su ce da awoyi kaɗan kuka tsira. Abin dariyar, ko kambun sanyi wasan bai karɓa ba. Super Bowl mafi sanyi da aka yi a waje na New Orleans ne, Janairun 1972, digiri 4, a can kudu inda ake gudu don neman ɗumi.

Kuma kudun da rufin ba su taɓa ba kowa tabbaci ba. Atlanta ta sha guguwar ƙanƙara a makon wasan 2000. A 2011 a Arlington ta jihar Texas, fili mai rufi ne sabo fil, amma tituna suka daskare, yankin ba shi da isassun motocin share hanya, ƙanƙara ta sulluɓo daga saman rufin ta jikkata mutane kwana biyu kafin wasa. A 2007 ruwa ya yi wa na Miami duka daga farko har ƙarshe. A 2013 wuta ta ɗauke a rufaffen filin New Orleans, aka zauna minti 34 ana kallon juna (ranar mu 'yan Najeriya mun ji kamar a gida). Garin da ya saba da dusar ƙanƙara, da gishirinsa na barbaɗa wa titi da motocinsa a shirye, ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda take zo wa baƙunta sau ɗaya a shekara goma.

Akwai kuma bambancin da ake yawan tsallakewa. Sanyin Ice Bowl da na Kansas City, ƙungiyar gida ce ke karɓar baƙi a filinta, gaban mutanenta da suka san yadda ake shiga riga huɗu. A tsarin yanzu ma da guminka kake samun wannan dama, sai ka fi abokin karawarka matsayi a kaka. Super Bowl kuwa tun shekaru kafin a san masu bugawa ake zaɓar garinsa, kuma akasarin masu cika kujerun baƙi ne daga nesa.

Saboda haka ga inda na tsaya. Wasannin share fage har zuwa na kusa da ƙarshe, a bar su a waje ko ana zubar da ƙanƙara da kwarya, sai fa in ya kai matakin da zama a kujera ke cin yatsu, nan a matsar da lokaci. Super Bowl kuma a riƙa ba manyan biranen arewa jefi-jefi, irin New York da Philadelphia, inda sanyin Fabrairu bai cika kai na halaka ba kuma akwai masauki da hanyoyi, tare da ajiye ranar ko-ta-kwana tun farko. Green Bay dai, duk da tarihinta, ban ga hanya ba, kuma ba don sanyi kaɗai ba. Garin mutum dubu ɗari da 'yan kai ne, filinsa na cin kusan dubu 81. In baƙin sun zo, a ina za su kwana?