Yamai, Doso ko Kano: ina ɗan Damagaram zai karanta injiniyancin kwamfuta?

Da sakamakon bak (jarrabawar kammala sakandare) ya fito, sai iyaye a Damagaram daga unguwar Birni har Zango su shiga tambaya: yaro yana son kwamfuta, ina za a kai shi? Kafin a zaɓi gari, a san abin da za a biya wa kuɗi. Wannan fanni ba buga takardu ba ne. Lissafi ne da lantarki da rubuta manhaja da haɗa rezo (sadarwa tsakanin kwamfutoci), har ɗalibi ya san yadda na'ura ke aiki tun daga cikinta. Mai bak C ko E, ɓangarorin da suka fi ƙarfi a lissafi, ya fi samun sauƙi. Mai D, ɓangaren kimiyyar halittu, ma zai iya, muddin lissafinsa da ƙarfi.

Mafi araha ita ce jami'ar gwamnati, kuma ana iya neman tallafin karatu a ANAB, hukumar gwamnati mai ba ɗalibai tallafi. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda aka kafa a 1971, tana ba da tushe mai kyau a lissafi: lisans (digirin farko) shekara 3, masta (digiri na biyu) shekara 2. Sai dai ɗalibai sun yi yawa, wanda ba ya da kwamfutar kansa zai wahala. Jami'ar Doso, ta 2014, ta karkata ne ga fasahar sadarwa, kuma zaman Doso bai kai na Yamai tsada ba. Makarantar IAI, cibiyar koyar da kwamfuta ta Afirka, a Yamai kwamfuta ce sana'arta kaɗai. Mai hali kuma yana iya duba ESMT, babbar makarantar fasahar sadarwa ta Dakar.

Kano fa? Kusan kilomita 240 ce daga nan, ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma da wuya a rasa ɗan'uwa a can. A Jami'ar Bayero injiniyanci shekara 5 ne, da watannin koyon aiki a kamfani. Ribarsa babba ita ce Turanci, don da shi ake rubuta yawancin bayanan wannan fanni. Amma yaron da ya taso da Faransanci sai ya gyara harshe tukuna, in ya dawo kuma sai an tantance masa takardarsa kafin ya nemi aikin gwamnati.

Inda na fi jin tsoro shi ne makarantu masu zaman kansu. Akwai nagari, akwai masu allon talla kawai. Alhaji, Hajiya, kada ku biya ko dala sai kun ga shaidar amincewar gwamnati, kun tambaya ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance digiri, ta san digirin, kun shiga ɗakin gwaji kun ga na'urorin da idonku. Ku tambayi inda ɗaliban bara suka yi sitaj, wato koyon aiki a kamfani.

Aiki yana kamfanonin waya irin su Airtel da Moov, da bankuna, da masu aika kuɗi, da kamfanin lantarki NIGELEC, da matatar mai ta SORAZ da ke nan kusa da mu. A ganina, gidan da ƙarfinsa kaɗan ne ya fara da lisans na rezo a cikin ƙasa, kuɗin da ya rage a saya wa yaro kwamfuta mai kyau, masta ya biyo baya in ya fara samu.