Sharhi kan katin hoto na GeForce4 MX 440 bayan wata uku ina aiki da shi

Na sayi wannan kati, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoto a kan allo, na hannu a wani shagon gyaran kwamfuta a Kano, domin in farfaɗo da tsohuwar kwamfuta mai Pentium 4 da ta daɗe a ajiye, wadda har yanzu Windows XP ce a kanta. Kamfanin Nvidia ya fitar da shi a shekarar 2002 domin masu ƙaramin ƙarfi, yana da ƙwaƙwalwa mai megabayit 64, kuma a ramin AGP, wato wurin soka katin hoto a cikin kwamfutocin wancan zamani, ake soka shi. Da na kawo shi gida, ƙura ta toshe 'yar fankarsa har ba ta juyawa, sai da na share ta da burushi na ɗiga mata man keken ɗinki kafin ta tashi.

A wasannin zamaninsa ban ga abin kushewa ba. Quake III Arena da Half-Life suna gudu sumul a ma'aunin allo na 1024 da 768, haka kuma GTA Vice City, ko da yake hoton yakan ɗan sarƙe idan motoci suka cika titi. Ba ya buƙatar wata wayar wuta ta daban, wanda hakan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai dogaro da ƙaramin janareto.

Inda gizo ke saƙa shi ne sunan. Duk da lambar 4 da yake ɗauke da ita, ƙirarsa ta fi kusa da ta tsohon katin GeForce2, kuma ya tsaya ne a matakin DirectX 7 (manhajar Windows da wasanni ke amfani da ita wajen zana hoto), wato ba shi da fasahar da ke lissafa haske da inuwa a kan kowane ɗigon hoto, alhali GeForce3 da ya girme shi yana da ita. Na ga haka da idona ranar da na ɗora Prince of Persia na 2003: wasan ya ƙi buɗewa sam, kuma babu saitin da zai gyara wannan.

Ina jan hankalin mai saye ya bincika faɗin hanyar ƙwaƙwalwar, wato yawan bayanan da ke iya wucewa a lokaci guda, domin akwai nau'in da aka rage zuwa bit 64 a maimakon 128, kuma bambancin gudunsu a fili yake. Ga mai son wasannin 1998 zuwa 2002 zan ba da shawararsa ba tare da shakka ba, amma wanda burinsa ya wuce nan gara ya nemi GeForce4 Ti 4200.